Ƙwayoyin Nano a Asibiti: Tambayoyi da Amsoshi kan Gwaji, Ɗaukar Hoto da Magani

Waɗannan tambayoyi sun fi fitowa daga masu jinyar ɗan uwa mai ciwon daji, da ɗaliban aikin lafiya, da mutanen da aka tallata wa wani magani aka ce musu "na nano ne". An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa masu zurfi.

Mene ne ma ƙwayoyin nano?

Nano ma'auni ne na ƙanƙanta. Idan aka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya, kowane kaso shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai ya kai wajen nanomita 80,000, jar ƙwayar jini kuma tana da faɗin nanomita 7,000 zuwa 8,000. Abin da ake kira ƙwayar nano yakan tsaya tsakanin nanomita 1 zuwa 100, ko da yake a harkar magani ana lissafawa har da masu nanomita 200 ko sama da haka kaɗan. Wato girmansu ɗaya da ƙwayoyin cuta na bairos, kuma ido ba ya ganinsu ko da madubin likita na yau da kullum.

Ana yin su da abubuwa iri-iri: zinare, azurfa, tsatsar ƙarfe, kitse, furotin, sinadarin yashi. Don haka cewa abu "na nano ne" bai gaya maka ko magani ne ko guba ba. Girmansa kawai ya gaya maka.

To me ƙanƙanta ke ƙara wa abu?

Abu biyu. Na farko fili. Duk mai girki ta san dakakkiyar kanwa ta fi dunƙulalliya saurin narkewa, saboda ruwa ya samu inda zai taɓa ta ko'ina. Ɗauki dunƙule mai santimita ɗaya ta kowace fuska, faɗin bayansa duka murabba'in santimita 6 ne. A yanka shi ƙanana masu nanomita 10, sai faɗin ya koma murabba'in mita 600, nauyin kuwa bai ƙaru ba. A kan wannan fili ne ake maƙala magani, ko abin da zai kama ƙwayar cuta.

Na biyu, halin abin kansa yana sauyawa. Zinare da muka sani rawaya ne, amma idan aka mai da shi ƙwayoyi masu nanomita 20 zuwa 40 a cikin ruwa, ja yake zama, domin yana shanye koren haske ya bar ja. Michael Faraday ya yi bayanin irin wannan jan ruwan zinare a Landan a 1857, kuma kwalabensa suna nan a ajiye har yau. Tsatsar ƙarfe ma idan ta yi ƙanƙanta sosai tana amsa kiran maganaɗisu muddin yana kusa, da an janye shi kuma sai ta saki. Wannan hali ne ya sa ake iya zuba ta cikin jini ba tare da ta dunƙule ta toshe jijiya ba.

Wannan abu ya iso wajenmu kuwa, ko sai an je Turai?

Ya iso tuntuni, har ƙananan asibitocin karkara. Duk wanda aka taɓa soka wa tsinke a yatsa don gwajin zazzaɓin cizon sauro ya ga aikin ƙwayoyin nano da idonsa, domin a yawancin waɗannan gwaje-gwaje jan layin nan da ke fitowa zinare ne.

Ga abin da ke faruwa cikin farar robar. Akwai siririyar takarda a ciki, kusa da ramin da ake ɗiga jini kuma an busar da ƙwayoyin zinare, kowace an ɗaura mata sinadarin garkuwa mai gane wani furotin da ƙwayar maleriya ke fitarwa, ana kiransa HRP2. Ma'aikaciya ta ɗiga jini, ta bi shi da ɗigon ruwan gwaji. Ruwan ya jiƙa zinaren, ya ja shi yana tafiya a kan takardar. Idan furotin ɗin yana cikin jinin, zinaren zai kama shi. A gaba an shafa wani layi na sinadarin garkuwa da ba ya motsi, shi ma yana kama furotin ɗin ta ɗaya gefen, sai zinare ya taru a wurin har ido ya ga ja. Layi na biyu yana kama zinaren da ya wuce ko da ciwo ko babu, don a tabbatar ruwan ya yi tafiyarsa. Cikin minti 15 zuwa 20 an gama, babu lantarki, babu madubin likita.

Haka yawancin gwajin ciki na fitsari yake aiki, haka na HIV da na ciwon hanta da na korona. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa tabbatar da maleriya da gwaji kafin a ba da magani, kuma wannan 'yar roba ce ta sa umarnin ya yiwu a inda babu ɗakin gwaje-gwaje. A ganina har yau babu wani aikin nano da ya amfani talaka kamar wannan.

Amma an ce gwajin yakan yi kuskure. Laifin zinaren ne?

Galibi ba laifinsa ba ne. Furotin HRP2 yana iya zama cikin jini makonni bayan an sha magani an warke, don haka layi zai iya fitowa alhali zazzaɓin yanzu na wani ciwo ne daban. Sannan akwai ƙwayoyin maleriya da suka daina yin furotin ɗin gaba ɗaya. An fara ba da rahotonsu daga ƙasar Peru a 2010, a Eritiriya kuwa sun yawaita har ƙasar ta sauya irin gwajin da take amfani da shi a 2016.

Sauran kurakuran na hannu ne. Jini ya yi yawa, ko an karanta sakamako bayan lokaci ya wuce, ko an bar kwalin a shago mai rufin kwano a watan Afrilu. Zafi yana lalata sinadarin garkuwar da ke jikin zinaren, kuma kowane kwali an rubuta masa iyakar zafin da zai iya ɗauka. Idan layin tabbatarwa bai fito ba, gwajin ya ɓaci, a sake wani.

Yaya ƙwayar nano take ɗaukar magani?

Hanya mafi daɗewa ita ce ƙunshin kitse, wanda masana ke kira laifosom. Alec Bangham ne ya gano shi a Ingila a shekarun 1960: wani irin kitse idan ya shiga ruwa yakan naɗe kansa ya zama 'yar ƙwallo mai ruwa a ciki, bangonta irin bangon ƙwayoyin jikinmu. Ana cusa magani a ciki, a lulluɓe bayan da wani sinadari mai suna PEG don kada garkuwar jiki ta yi saurin ganinsa.

Misalin da aka fi sani shi ne Doxil, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1995. Abin da ke ciki tsohon maganin ciwon daji ne, doxorubicin, jan ruwan nan da masu zuwa kemo suka sani. Yana da ƙarfi, amma yana raunana zuciya, har akwai iyakar abin da za a ba mutum a duk rayuwarsa. Da aka ƙunshe shi, sai ya riƙa yawo a jini na kwanaki a rufe, zuciya ba ta shan mai yawa. An fara da sankarar fata ta Kaposi da ke kama masu ƙanjamau, daga baya aka ƙara da ciwon dajin ƙwan mace da wani na ɓargo.

Abraxane kuma, na 2005, wata dabara ce. Maganin paclitaxel ba ya narkewa a ruwa, don haka a dā sai an narka shi cikin wani mai da ke tayar wa wasu da mummunan borin jini. Sai aka manna shi da furotin albumin na jinin mutum, ƙwayoyi masu wajen nanomita 130, aka rabu da man.

Gaskiya ne suna zuwa kai tsaye kan ciwon daji su bar lafiyayyun sassa?

Wannan ita ce maganar da aka fi zuzutawa, kuma mai jinya ya cancanci a faɗa masa gaskiyarta. Tushenta binciken Yasuhiro Matsumura da Hiroshi Maeda ne a Japan a 1986. Sun nuna cewa jijiyoyin jinin da ƙari ke tsirowa cikin gaggawa suna da ɓaraka, manyan ƙwayoyi na iya zurarewa ta nan su maƙale a cikin ƙarin. A jikin ɓeraye abin ya fito fili. Amma ƙarin ɓera yana girma ne cikin makonni, na mutum kuwa shekaru yake ɗauka, ya yi tauri, kuma ya bambanta daga wannan mutum zuwa wancan.

A 2016 ƙungiyar Warren Chan ta Jami'ar Toronto ta tattara binciken shekara goma da aka yi kan dabbobi, ta samu cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin ɗari ne kacal na ƙwayoyin da aka yi allurarsu ke isa ƙarin. Mafi yawa hanta da saifa ke kwashewa. Masana sun yi ta muhawara kan yadda aka yi lissafin, amma babu mai cewa yawancin maganin ƙari yake tafiya.

Saboda haka ribar da aka fi samu ita ce raguwar illa, ba warkewa nan take ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zuciyarsa ba za ta jure maganin asali ba. Akwai kuma inda kwana ya ƙaru. Vyxeos, na 2017, ya haɗa magunguna biyu cikin ƙunshi ɗaya don wani nau'in sankarar jini mai tsanani, kuma a gwajinsa tsaka-tsakin rayuwar marasa lafiya ya tashi daga wajen wata 6 zuwa wata 9 da rabi.

Ban da ciwon daji fa?

A nan ma ne labarin ya fi daɗi. Amphotericin B tsohon magani ne mai kashe ƙwayoyin fangas, amma yana cin ƙoda, yana sa rawar ɗari mai tsanani yayin ƙarin ruwa. Da aka sa shi cikin ƙunshin kitse da sunan AmBisome, illarsa ga ƙoda ta ragu ƙwarai. Ana amfani da shi kan kala'azar, ciwon da ke kumbura saifa, wanda mutanen Gadarif a gabashin Sudan suka sani sarai. Abin da ya zama cikas a ciwon daji a nan alheri ne, domin ƙwayar kala'azar tana ɓuya ne a hanta da saifa, daidai inda ƙwayoyin nano ke taruwa. Akwai kuma wani sanƙarau na fangas da ke kashe masu HIV da garkuwarsu ta yi ƙasa. Gwajin da aka yi a Botswana da Malawi da Afirka ta Kudu da Yuganda da Zimbabuwe ya nuna ƙarin ruwa ɗaya tak na AmBisome mai yawa, tare da ƙwayoyin sha, ya yi daidai da mako guda na tsohon maganin, kuma da ƙarancin illa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi zaɓin farko.

Ayon, wato sinadarin ƙarfen da ake ƙara wa masu ƙarancin jini ta jijiya, shi ma ƙwayoyin nano ne, ƙarfe a tsakiya, wani nau'in sukari a baya, don ya riƙa sakin kansa a hankali. An gwada ɗaya daga cikinsu kan mata masu juna biyu a asibitocin Kano da Legas, a binciken da Farfesa Bosede Afolabi ta jagoranta. Sai allurar cabotegravir mai kare mutum daga HIV, wadda aka niƙa maganinta ya zama ƙananan ƙwayoyi masu narkewa sannu a hankali cikin tsoka, allura ɗaya ta yi wata biyu.

Wace rawa suke takawa wajen ɗaukar hoton cikin jiki?

Na'urar MRI da maganaɗisu take aiki, don haka ƙwayoyin tsatsar ƙarfe suna sauya hasken hoton duk inda suka taru. Lafiyayyar hanta tana haɗiye su ta yi duhu, ƙari kuwa ba shi da ƙwayoyin da ke haɗiya, sai ya fito da haske. Da wannan dabara aka yi Feridex, wanda aka amince da shi a Amurka a 1996, amma daga baya aka daina yinsa saboda kasuwarsa ba ta yi armashi ba.

Abin da aka fi amfani da shi a MRI shi ne gadolinium, wanda ba ƙwayar nano ba ne. A 2006 aka gano yana iya jawo wani ciwo mai ƙandarar da fata ga masu ciwon ƙoda mai tsanani. Wannan ya sa wasu likitoci suka koma ga ferumoxytol, maganin ƙarancin jini na 2009 mai tsatsar ƙarfe, suna ɗaukar hoton jijiyoyin jini da shi. Shi ma ba a ba da shi da sakaci, kamar yadda aka yi bayani a amsar haɗari a ƙasa.

Na ji ana neman kaluluwa da maganaɗisu a tiyatar mama. Yaya abin yake?

Idan ciwon dajin mama zai bazu, yakan fara sauka ne a kaluluwar hammata. A dā ana kwashe su da yawa, mace ta wayi gari da kumburin hannu na har abada. Yanzu ana neman ta farko da ruwan maman ke zuba cikinta, a cire ta a duba. Idan ba ta kamu ba, a bar sauran.

Hanyar da aka saba ita ce allurar sinadarin technetium mai fitar da tururin nukiliya kaɗan, amma rabin ƙarfinsa yana ƙarewa duk bayan awa 6, kuma sai asibiti mai sashen nukiliya. Magtrace, na wani kamfanin Kambirij a Ingila, wanda Amurka ta amince da shi a 2018, ruwa ne mai ruwan ƙasa ɗauke da ƙwayoyin tsatsar ƙarfe. Ana yin allurarsa a maman, ko da kwanaki kafin aiki. A ɗakin tiyata likita yana bin hammata da wani sanda mai jin maganaɗisu, ƙarar na'urar na ƙaruwa yayin da ya matso, idan ya buɗe kuma sai ya tarar kaluluwar ta rine. Illarsa, yakan bar tabo mai duhu a fata na wani lokaci, kuma yana iya dagula hoton MRI na maman daga baya. Ga ƙasashen da sassan nukiliya ba su taka kara sun karya ba, wannan dabara ta cancanci a sa mata ido.

Mene ne ɗigon kwantam da aka ba wa kyautar Nobel?

Ƙananan duwatsu ne masu nanomita 2 zuwa 10 da ke ƙyalli idan an haska su, kuma girmansu ne ke yanke launin: ƙanana shuɗi, manya ja. Moungi Bawendi da Louis Brus da Aleksey Yekimov suka samu Nobel ta kimiyyar sinadarai a kansu a 2023. A ɗakin bincike ana yi wa ƙwayoyin halitta alama da su, domin ba sa saurin dusashewa kamar rini. Ba a saba sa su a jikin mutum ba, saboda da yawansu na ɗauke da cadmium mai guba.

Ana iya ƙona ƙari da su?

Ana gwadawa. Naomi Halas da Jennifer West na Jami'ar Rice a Amurka sun ƙera ƙwayoyin yashi masu rufin zinare da ke zafi idan an haska musu wani haske mai ratsa tsoka. A 2019 aka wallafa gwajinsu kan maza 16 masu ciwon dajin furostet, wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, sakamakon ya ba da ƙwarin gwiwa, amma mutum 16 somin-taɓi ne. A Jamus an yi NanoTherm, tsatsar ƙarfe da ake zubawa cikin ƙarin ƙwaƙwalwa a ɗumama ta da maganaɗisu. Ya samu izinin Turai a 2010, sai dai bai yaɗu ba. A Faransa kuma akwai Hensify, na 2019, wanda ake sa wa cikin ƙarin tsoka don ya ƙara wa gashin rediyoterafi ƙarfi. Babu ɗayansu da ya maye gurbin tiyata ko kemo, kuma duk wanda ya ce wa mai jinya ya bar maganin asibiti ya jira waɗannan, ya cuce shi.

Riga-kafin korona fa? An ce akwai na'ura ko maganaɗisu a ciki.

Akwai ƙwayoyin nano a riga-kafin Pfizer da Moderna, amma na kitse ne. Saƙon mRNA da ke ciki, wato umarnin da ke sa ƙwayar jiki ta ƙera furotin ɗin bairos don garkuwa ta koyi gane shi, ba ya jure jini, nan da nan yake lalacewa, sai aka ƙunshe shi cikin kitse iri huɗu, ciki har da kolestarol, a ƙwayoyi masu kimanin nanomita 100. Ƙwayar jiki ta haɗiye ƙunshin, ta karanta saƙon, sannan saƙon ya ruɓe. Babu ƙarfe a ciki, balle na'ura. Na'urar da za ta aika saƙo tana buƙatar eriya da hanyar samun lantarki, kuma babu mai irin wannan ƙanƙanta. Kuɗin ƙarfe da aka riƙa mannawa a damtse ana ɗaukar bidiyo, gumi da maiƙon fata ne suka riƙe shi. Dabarar ma ta girmi korona, don tun 2018 aka amince da Onpattro, maganin wani ciwon gado, mai irin wannan ƙunshi.

Wasu riga-kafin da aka saba da su ma a wannan ma'auni suke. Na ciwon hanta nau'in B furotin ne da ke dunƙulewa ya yi siffar bairos mai nanomita 22, amma fanko ne, ba ya haihuwa. Haka na HPV mai kare mata daga ciwon dajin bakin mahaifa, wanda Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023. Haka R21 na maleriya, wanda aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024.

Ina suke tafiya bayan sun gama aiki?

Ya danganta da girma da kuma abin da aka yi su da shi. Masu ƙasa da wajen nanomita 6 ƙoda tana tace su, su fita ta fitsari. Manya kuwa, da sun shiga jini furotin ke lulluɓe su, sai ƙwayoyin share datti na hanta da saifa su haɗiye su. Idan kitse ne ko albumin, jiki ya narkar da su kamar abinci. Idan tsatsar ƙarfe ce, ta shiga rumbun ayon na jiki a yi jini da ita. Zinare da makamantansa ne ba sa narkewa, suna iya daɗewa a hanta, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ake jan ƙafa wajen amincewa da su.

Suna da haɗari?

Kowanne da nasa, kuma ba a yi musu kuɗin goro. Doxil ya sassauta wa zuciya, amma yakan sa tafin hannu da na ƙafa su yi ja, su yi zafi, har su saɓule. Magungunan ƙunshin kitse sukan sa wasu jin ƙuncin ƙirji ko ciwon baya a farkon ƙarin ruwa, shi ya sa ake farawa a hankali. A 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta sa wa ferumoxytol gargaɗi mafi tsanani saboda borin jini mai iya kisa, don haka ba a ba da shi sai inda akwai kayan ceto a kusa. Wasu 'yan tsiraru kuma jikinsu ba ya shiri da PEG.

Haɗarin shaƙa daban ne, kuma ma'aikatan masana'anta ya fi shafa. A 2014 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa wani nau'in siraran bututun kabon cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo ciwon daji. Zinaren gwajin maleriya kuwa ba ya shiga jiki ko kaɗan, a cikin roba yake.

Akwai abin da ya saɓa wa addini a cikinsu?

Abin da za a iya bayarwa a nan shi ne bayanin sinadarai, hukunci na malamai ne. Babban kitsen Doxil da AmBisome daga waken suya ake samo shi. Albumin na Abraxane daga jinin mutane masu ba da gudummawa ne. Kamfanonin Pfizer da Moderna sun bayyana cewa babu abin alade a riga-kafinsu na korona. Kowane magani yana da takarda a kwalinsa mai jera abin da ke ciki, mai shakka ya nemi mai harhaɗa magunguna ya karanta masa kafin ya kai wa malami tambaya.

Ruwan azurfa na nano da ake tallatawa fa?

Kada a sha. Azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta a kan fata, shi ya sa ake sa ta a wasu bandejin ƙuna. Amma babu wani ciwo da aka tabbatar shan ta yana warkarwa, kuma mai yawan sha fatarsa na iya rinewa ta koma toka-toka mai shuɗi, ba ta komawa daidai.

Najeriya ta taɓa ganin wannan. A Agustan 2014, lokacin Ebola, ministan lafiya na wancan lokaci, Onyebuchi Chukwu, ya sanar da cewa an kawo wani "Nano Silver" don gwadawa, amma kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa bai amince a ba marasa lafiya ba, domin bai cika sharuɗɗa ba. Duk kwalbar da aka rubuta wa nano, a tambaya: wane ciwo take magani, a kan mutum nawa aka gwada, wace hukuma ta amince? Lambar NAFDAC a kan ƙarin abinci ba ta nufin an tabbatar yana warkar da ciwo.

Ana cewa jami'o'inmu suna haɗa su da zogale da darbejiya. Magani ya kusa fitowa ke nan?

Binciken gaskiya ne, kuma ana yinsa sosai. Ana zuba ruwan ganye cikin ruwan gishirin azurfa, sinadaran ganyen su mai da shi ƙwayoyin nano, ruwan ya rine ya koma ruwan ƙasa. Yana da arha, ɗalibi yana koyon aiki da shi. Amma kashe ƙwayar cuta a faranti mataki ne na farko cikin matakai masu yawa. Sai an nuna ƙwayoyin suna fitowa girma ɗaya kowane lokaci, abin da ke da wuya tunda ganyen damina da na rani ba ɗaya ba ne, sannan a gwada kan dabbobi, sannan mutane hawa uku. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Da za a nemi shawarata, da an karkata ƙarfi wajen ƙera kayan gwaji na gida masu jure zafinmu, inda hanyar ta fi gajarta. Cibiyar Mintek ta Afirka ta Kudu ta bi wannan hanya da zinaren ƙasarta.

Akwai na'urorin gano cuta da suka wuce layin zinare?

Akwai. Na'urar MinION ta kamfanin Oxford Nanopore, wadda ke shiga tafin hannu, tana zura silin ƙwayar halittar bairos ta wata ƙofa mai faɗin 'yan nanomita, tana karanta shi daga yadda lantarki ke sauyawa. An yi aiki da ita a Gini lokacin Ebola a 2015. A 2018, da zazzaɓin Lassa ya yi ƙamari a Najeriya, an yi amfani da ita a asibitin koyarwa na Irrua a jihar Edo, ta nuna cewa ba sabon nau'i ba ne mai saurin yaɗuwa tsakanin mutane, yawancin masu ciwon daga ɓeraye suka ɗauka. Na'urori masu girafin, wato wani siririn fallen kabon, da ake fatan su gano ciwo daga numfashi ko gumi kuwa, yawancinsu suna ɗakin bincike tukuna.

Likita ya rubuta wa mara lafiyarmu irin wannan magani. Me ya kamata mu kula da shi?

Da farko a tambayi likita dalilin zaɓensa a kan na asali, domin ya fi tsada nesa ba kusa ba. Idan dalilin raunin zuciya ne ko na ƙoda, kuɗin yana da hujja. Idan babu irin wannan dalili, a tambaya ko na asali zai wadatar. A tambayi kuma yadda ake ajiye shi: Doxil firiji yake so amma ba a daskarar da shi, AmBisome kuma ba ya son zafin da ya wuce digiri 25. Maganin da ya kwana a but ɗin mota ko ya yini a rana a kasuwa, ƙunshinsa na iya fashewa ba tare da ido ya gani ba.

Abu mafi muhimmanci, ba a musanya na ƙunshi da na asali ko da sunan maganin ɗaya ne. Amphotericin na ƙunshin kitse ana ba da miligiram 3 zuwa 5 ga kowane kilo na nauyin jiki, wani lokaci har 10, na asali kuwa ba a wuce miligiram 1.5. An rasa rayuka saboda an ba da na asali da ma'aunin na ƙunshi. Idan an je saye aka ce babu wanda aka rubuta amma ga "irinsa", kada a karɓa sai an koma wajen likita ko mai harhaɗa magunguna na asibitin, a nuna masa kwalbar ya karanta da kansa kafin a ɗaura ruwan.